Kuɗin gyaran kai ya hau: a ci gaba da biya ko a koma gida?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wai ni kaɗai ce nake ganin kuɗin gyaran kai ya wuce hankali? Kitson da nake yi shekarun baya kaɗan, yanzu kuɗinsa ya ninka, alhali kan nan dai shi ne, gashin bai ƙaru ba, mai kitson ma ita ce. A da, wanki da busarwa duk a cikin kuɗin suke, yanzu kowanne da nasa farashin, har tsifa sai an biya. Ga ni da 'yan mata biyu, in na haɗa kaina da nasu sai lissafin wata ya rikice. Don Allah ku gaya mini gaskiya, abin nan ya ci kuɗinsa, ko dai sabo ne kawai yake jan mu?

'Yar Auta: Wa'alaikumus salam. Wallahi Anti kin riga ni ne. Ni yanzu sai na tsaya gaban madubi na yi shawara da kaina kafin na doshi shago.

Anti Mai Kitso: Wa'alaikumus salam. Na san za a zo kanmu, to bari na yi magana tun kafin a yanke mana hukunci ba ma nan.

Maman Biyu, gaskiya ne kanki bai ƙaru ba. Amma duk abin da ke kewaye da kan ya ƙaru. Mai gida ya ƙara kuɗin haya. Ga kuɗin wuta: dirayar hannu guda ɗaya tana jan wat 1,500 zuwa 2,000, ga ta zama, ga abin dafa ruwa, ga fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, don ba wadda za ta zauna mini awa biyar tana zufa ta sake dawowa. Shamfu da man laushi da rini da safar hannu, yawancinsu daga nesa suke zuwa, duk motsin da kuɗin jigila ko canji ya yi a kaina yake sauka. Ga yaran da ke taya ni, su ma da cikinsu da kuɗin motarsu.

Amma duk wannan ba shi ne babban abin ba. Ni lokaci nake sayarwa. Hannu biyu gare ni, kujera ɗaya nake iya tsayawa a kanta. In na kama ƙananan kitso da safe, kafin na sauke la'asar ta yi, ranar nan ta tafi a kan mutum ɗaya. Mai sayar da kaya in kasuwa ta buɗe zai iya sallamar mutum hamsin a yini, ni ko kasuwa ta buɗe ko ba ta buɗe ba, ba zan wuce abin da yatsuna za su iya ba. In kuma wata ta ce na ajiye mata safiya ba ta zo ba, wannan safiyar ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe.

Sannan ba wanda yake tambayar jikin mai kitso. Baya, wuya, gaɓoɓin yatsu, ƙafa ta kumbura saboda tsayuwa, fatar hannu ta tsattsage saboda ruwa da sinadari. Ranar da na kwanta ciwo ba albashi, ranar da na tsufa ba fansho. Duk a cikin kuɗin kitson nan ake so na cire.

'Yar Auta: Anti, Allah ya ƙara lafiya, ban ƙi ta taki ba. Amma ni ƙorafina ba hawan kuɗin kaɗai ba ne. Kuɗi ya hau, aiki ya sauka. A ce miki ƙarfe goma, ki zo ƙarfe goma, ki tarar da kai biyu a gabanki. In an zo kanki uwar ɗakin ta yi layi uku na gaba inda ido ke gani, ta miƙa wa 'yar koyo sauran, ita ta koma waya. Kuma ba a faɗa miki kuɗin sai an gama, lokacin da ba ki da bakin ciniki. Sai ki ji an ce ai gashinki da cika, ai an sa miki mai na musamman. Wa ya ce a sa?

Maman Biyu: Yauwa! Wannan na "an sa miki mai na musamman" ɗin shi ya fi ƙona mini rai.

Anti Mai Kitso: Wannan kam ba zan kare shi ba, rashin tsari ne. Kuɗi kafin a taɓa kai ake faɗarsa. Amma maganar cikar gashi gaskiya ce, ƙanwata. Kai biyu, kitso iri ɗaya, ɗaya awa uku ɗaya awa biyar. Laifin shi ne a ɓoye miki sai ƙarshe.

Malam Mai Lissafi: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri na tsoma baki a zancen mata, amma abin da Anti ta faɗa game da lokaci, masana tattalin arziki sun daɗe da yi masa bayani. A 1966 wasu Amurkawa biyu, William Baumol da William Bowen, sun yi nazarin dalilin da ya sa kuɗin shirya kiɗa da wasan dandamali kullum hawa yake. Suka lura cewa kiɗan da mutum huɗu ke yi cikin rabin awa shekara ɗari biyu da suka wuce, yau ma mutum huɗu ne, rabin awa ne. A masana'anta kuwa, inji ya sa ma'aikaci ɗaya yana fitar da abin da mutane da yawa ke fitarwa a da, don haka ana iya ƙara masa albashi ba tare da kayan sun yi tsada ba. To makaɗin nan shi ma dole a ƙara masa, in ba haka ba ya ajiye kayan kiɗa ya tafi masana'anta. Tunda aikinsa bai ƙara sauri ba, ƙarin sai ya faɗa kan mai saye.

Kitso da aski da jinya da koyarwa duk wannan layin suke. Shi ya sa wayar hannu kullum ƙara iya aiki take a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da na farkon fitowarta, amma gyaran kai bai taɓa yin araha ba. Ba a ƙera injin da zai yi tsaga ya kama gashi uku ya kitsa shi a fatar kai yadda yatsu ke yi ba.

Sai kuma abin da ya hau kan wannan. A 2020 annobar korona ta sa an rufe shagunan gyaran gashi watanni a ƙasashe da dama, haya tana tafiya ba ciniki, wasu suka ci bashi, wasu suka bar sana'ar. Ba a gama farfaɗowa ba yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, makamashi ya yi tashin gwauron zabo. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin 100 a Amurka a Yunin 2022, ta kai 11.1 a Birtaniya a Oktoban shekarar. In manyan ƙasashe sun ji haka, ku ƙiyasta sauran.

Maman Biyu: Malam, bayanin ya shiga. Sai dai akwai inda ya tsaya mini. Ka ce an ƙara wa na masana'anta albashi shi ya sa mai kitso ta ƙara. To ni da ba a ƙara mini komai ba fa? Kuɗin kitso ya ninka, abin da ke shigo mini yana nan inda yake.

Malam Mai Lissafi: Wannan kuma ciwo na biyu ne, Hajiya. Na farko yana tafiya a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma ba ya zafi sosai saboda samun mutane yana tafiya tare da shi. Na biyu shi ne kuɗi ya rasa daraja samu bai motsa ba. A nan ke da Anti duk asara kuke. Ita ta ninka kuɗi amma abin da take saya da shi bai kai na da ba, kuma masu zuwa sun ragu. Ke kuma kina biyan ninki daga aljihun da bai ƙaru ba. Kowacce tana kallon 'yar uwarta a matsayin wadda ta cuce ta.

Baban Yara: Malam, ni ban yarda duka laifin tsadar kaya ba ne. Akwai abin da ya faru a Finland da ya kamata a sani. A farkon 2007 gwamnatinsu ta rage harajin da ake ɗora wa gyaran gashi daga kashi 22 zuwa kashi 8 cikin 100, don farashi ya sauka mutane su ƙara zuwa. Masu shaguna suka sauke kusan rabin ragin kawai, sauran suka riƙe. A farkon 2012 aka mayar da harajin, sai farashi ya hau kusan ninki biyu na yadda ya sauka. Masu bincike sun bi lissafin shagunan sun tabbatar da haka. Wato in kaya sun hau a ce mana kaya sun hau, in sun sauka a yi shiru. Akwai ganin dama a ciki, kada mu rufe ido.

Anti Mai Kitso: Baban Yara, ban san Finland ba amma na san zuciyar mai sana'a. Wadda ta shekara tana cike giɓi daga aljihunta, ranar da sauƙi ya zo ba sauke farashi za ta fara tunani ba, bashi za ta fara biya. Kuma ƙarin kuɗi abu ne mai wuyar faɗa, sai ka yi watanni kana jin nauyin mutane kafin ka furta. In ka samu ya zauna, wa zai sauke ya sake shiga wannan kunyar bayan wata shida? Ban ce daidai ba ne. Na ce haka abin yake.

Baban Yara: To ai mun gode da kika faɗa da bakinki.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ku bar kallon kuɗin ranar da aka biya, ku dubi kwanakin da aikin zai yi. A ce wata ta karɓi 100, ko wane irin kuɗi ne, kitsonta ya yi mako shida yana nan tsaf. Wata ta karɓi 60, mako biyu ya tashi ya yi buzu-buzu. Ta farko kwana 42 ke nan, kowace rana ba ta kai biyu da rabi ba. Ta biyu kwana 14, kowace rana ta haura huɗu. Ga zaman da za ki yi har sau uku, ga kuɗin mota. Wace ce mai tsadar? Araha ba ta ado, tun muna yara muke jin wannan.

'Yar Auta: Hajiya ranki ya daɗe, lissafin ya yi, amma yana aiki ne in mai tsadar ita ce mai iyawar. Sau da yawa ba hannu ake biya ba, kujera mai juyawa ake biya da fitilun ɗaukar hoto da sunan da aka yi a Instagram. Akwai mai kitso a cikin gida da ba ta da ko allo a ƙofa, tsagarta kamar an sa ma'auni, tana karɓar rabin nasu.

Hajiya Babba: To ki riƙe ta da kyau, kada ki yi ta yi mata talla, in ba haka ba ita ma fitilar za ta saya.

Sista Mai Jinya: Na daɗe ina karantawa, bari na sa nawa, don akwai abin da ba a saka a lissafin ba. Ni a wurina tambayar ba "a biya ko kada a biya" ba ce. Aikin kai kashi-kashi ne, wani in an yi shi ba daidai ba mako ɗaya ya wuce, wani kuwa har abada ne.

Mu fara da ɗaurin kitso. Mata da yawa suna auna ƙwarewa da zafi, wai in bai ja ba ba zai daɗe ba. Jan nan shi ke cinye gashin gaban goshi da na gefen kunne. Likitocin fata sun san shi sarai, zubewar gashi ce ta dalilin ja. Da farko in an sassauta gashin yana dawowa. In aka shekara ana yi, tushen ya mutu ya zama tabo, babu man da zai tofo da shi, komai tsadarsa. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, fata ta ɗaga, ciwon kai, kasa kwanciya daren farko. In sai kin sha maganin ciwon kai bayan kitso, an yi miki ɓarna kuma kin biya. Yara sun fi shiga haɗari don ba a jin kukansu, sai a ce raki ne. Kuma ko kitson ya yi kyau, kada ya wuce mako shida zuwa takwas a kai.

Sai rilaksa. Mai ƙarfin cikinsa sodiyam haidiroksaid ne, wato soda, sinadarin da ake buɗe bututun da ya toshe da shi. Wanda ake rubuta wa "babu soda" shi ma ɗan uwansa ne, ƙarfinsa bai yi nisa da shi ba. Aikinsa karya ginin gashi ne don ya miƙe. Sabon tofo kaɗai ake shafa wa, a kare fatar kai da mai, a duba agogo, a wanke da shamfun da ke kashe ƙarfinsa. Mai yi wa kanta a gida ba ta ganin ƙeyarta, sai ta maimaita a kan gashin da aka riga aka miƙar, bayan makonni ya fara karyewa a daidai wurin. A bar aƙalla mako takwas tsakani. Rini kuma, musamman baƙi, yawanci akwai sinadarin PPD a ciki, wanda ke kumbura wa wasu fuska har ido ya rufe. Ana shafa ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 48 kafin a yi. Duk shagon da zai rina miki kai karon farko bai tambaye ki komai ba, ki tashi.

Don haka ni ra'ayina, sinadari da almakashi a kai su wurin wadda ta iya, a biya ta ba ciniki. Wanki, tsifa, shafa mai, taje kai, kitson kwana na yara, waɗannan ba abin da zai hana a yi su a gida.

Maman Biyu: Sista, maganar rilaksa da sankarar mahaifa da ake yaɗawa fa, gaskiya ce?

Sista Mai Jinya: Akwai bincike na gaske a bayanta. Cibiyar nazarin lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da shi a Oktoban 2022, bayan ta bi mata sama da 33,000 kusan shekara 11. An ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba sa amfani da kayan miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin 100 za su kamu kafin shekara 70. Cikin masu yi fiye da sau huɗu a shekara, kashi 4.05. Alaƙa aka gani, ba a nuna wane sinadari ne takamaimai ba, kuma cutar ba mai yawa ba ce. Amma in kina neman dalilin rage yawan yi, ga lafiya ga aljihu sun haɗu a wuri ɗaya.

'Yar Auta: Ni tsifa ce ke ba ni tsoro a gida. Duk lokacin da na tsefe sai na ga gashi cike da mataji, sai na ce gara na kai shago.

Sista Mai Jinya: A shagon ma yana fita, sharewa suke kafin ki gani. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. In kai yana kitse ba su da hanyar faɗuwa, suna nan maƙale. Mako shida ke nan sili 2,100 zuwa 4,200 suna jiran ranar tsifa. Wanda za ki damu da shi shi ne guntu-guntu mara ɗan farin kai a gindi, wannan karyewa ce. Kuma tunda an zo nan: gashi kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, ko ɗan sama da haka. Silin da ya fito daga fata ba shi da rai, ba ya cin abinci. Mai yana hana shi bushewa da karyewa, shi ke nan aikinsa. Duk kwalbar da aka ce za ta kai miki gashi gadon baya cikin wata biyu, kuɗinki take so. Bakin gashi da ya tsage ma ba ya haɗewa, datse shi ake yi.

Anti Mai Kitso: Sista kin rage mini ciniki yau, amma ban ga ƙarya ba. Abu ɗaya zan ƙara: in za ku tsefe a gida, ku warware da yatsa ku taje tas kafin ruwa ya taɓa shi. Wadda ta zuba ruwa a kan gashin da bai taju ba, zai dunƙule ya cure, ta kawo mini na yi awa biyu ina warwara, kuma a ce na yi tsada.

Mai Kilifa: Jama'a a ba maza dama. Ana ganin namu ba komai ba ne don kuɗin zama ɗaya kaɗan ne. Amma mai son tsafta duk mako ko mako biyu yana kan kujerata. Ku tara na shekara, ku haɗa da na yara maza uku, za ku ga bai yi nisa da na uwargida ba. Shi ya sa tun zaman korona mutane da yawa suka sayi kilifa, kuma gaskiya in aski ɗaya ne na kwal-kwabo ko lamba ɗaya duk kai, aski kaɗan za a yi ta mayar da kuɗinta. Ba na jin haushi. Inda suke dawo mini shi ne gyaran fuska da saisaye mai hawa-hawa, wannan sai ido da hannu.

Abin da nake so a duba in ana neman mai araha shi ne tsafta. Kilifa ɗaya ta bi kai goma ba a tsabtace ta ba, haka makero ke yawo tsakanin yara. Reza kuwa ta fi haka, ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe. Sabuwar reza ga kowane mutum, a ɓare ta a gabanka, da maganin tsabtace bakin kilifa, duk kuɗi ne. Wanda ya karya farashi ƙasa da kowa, ka tambayi kanka me ya daina saya.

Uwar Gida Sarauta: Mai Kilifa, tunda ka zo, amsa mini wannan. Na aske gashina ya zama gajere saboda na huta. Na je a rage mini, kilifa ɗaya, minti ashirin, daidai da na namijin da ya tashi a kujerar. Aka ce nawa ya fi nasa, wai askin mata ne. Me ya sa?

Mai Kilifa: Hajiya, ba ni da hujja. Wasu za su ce mata sun fi sa ido da yawan "gyara nan", amma akwai mazan da suka fi kowace mace. Kuɗi ya bi lokaci da wahalar aiki.

Malam Mai Lissafi: Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a kan wannan tun 1995. Ta hana a bambanta farashin aiki iri ɗaya don kawai mai saye mace ce ko namiji, sai in lokacin ko wahalar ko kayan da aka kashe sun bambanta. Aski da wankin kaya na cikin abin da ya jawo ta.

Uwar Gida Sarauta: Ashe ba ni kaɗai ba ce. Amma duk da haka ban yi nadamar askewa ba, kaina ya sha iska, safiyata ta dawo tawa.

'Yar Gayu: Ni fa na ga ba a taɓo inda kuɗin yake tafiya da gaske ba. Sau da yawa ladan hannu bai kai kuɗin gashin ƙari ba. Na roba, irin su Kanekalon da kamfanin Kaneka na Japan ke yi tun 1957, daga sinadaran man fetur ake sarrafa shi, ka ga dole ya bi farashin mai da na jirgi. Na mutum kuwa ya fi tafiya mai nisa. Wani daga wurin bautar Tirupati na Indiya yake fitowa, inda masu ziyara ke aske kansu a yi gwanjon gashin, a kai shi birnin Xuchang na Sin a wanke a rina a ɗinka, sannan ya zo hannun dillali na uku ko na huɗu. Ni dai hular gashi ɗaya mai kyau na saya, a ƙasa kitso ne manya guda shida da ƙanwata ke yi mini. Zafin biya sau ɗaya ne.

Hajiya Babba: 'Yar nan, ƙarin gashi kuma akwai maganar addini a kansa, malamai sun yi bayani mai tsawo. Kada a wuce kamar ba a sani ba.

Shugabar Zaure: Gaskiya ne Hajiya, amma wannan babi ne mai zaman kansa, za mu ware masa rana a gayyato masu ilimi. Yau a tsaya kan kuɗi.

Sista Mai Jinya: 'Yar Gayu, in da gam kike liƙa ta a goshi, kin gudu daga ja kin faɗa wani. Gam da matsattsen bakin hula su ma suna cin gashin gaba. A cire ta da dare.

'Yar Koyo: Salamu alaikum iyayena. Ni ina koyo ne a wani shago, ina ta jin kunyar magana. Anti 'Yar Auta ta ce ana miƙa wa 'yar koyo kai, gaskiya ne, mu ne muke wanki da tsifa da kama jelar kitso har dare. Amma ƙarin kuɗin da kuke biya ba ya zuwa hannunmu. An ƙara farashi ba sau ɗaya ba tun zuwana, abin da ake ba ni na mota bai canza ba. In kun koma yin wanki da tsifa a gida, mu za a fara sallama, don aikinmu ke nan. Ban ce kada ku yi ba, kowa da aljihunsa. In dai kun ji daɗin hannun yarinya kuna son yi mata alheri, ku sa mata a hannunta, kada ku haɗa a kuɗin shago.

Maman Biyu: Allah sarki ƙanwata. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Allah ya sa ki buɗe naki.

Anti Mai Kitso: Amin. 'Yata, ki daure ki iya tsaga da sassauta hannu a gaban goshi, waɗannan biyun su ke riƙe mai zuwa. Masu shago kuma mu ji tsoron Allah a kan yaran nan.

Ga abin da ni nake yi, wadda ta ga zai yi mata ta nema a wurin mai kitsonta. Farashi a rubuce yake a bango, kitso daban, wanki daban. Wadda ta zo da kanta a tsefe a wanke a taje, kuɗin kitso kawai za ta biya, kuma na fi son haka don kujerar ta fi saurin tashi. Uwa da 'ya'ya in sun zo tare ina ragewa. Ranakun tsakiyar mako da ba cunkoso ma ina ragewa. Amma wadda za ta kama mini yini guda sai ta ba da kafin alƙalami, in ba ta zo ba kuma ba ta sanar ba, ya zama nawa.

'Yar Auta: Na yarda da kafin alƙalami, Anti. To in ni na zo a kan lokaci na tarar da wata a kujerar, na zauna awa biyu ina jira, nawa za a rage mini?

Anti Mai Kitso: Ke dai 'yar nan ba ki da dama.

'Yar Auta: A'a Anti, ke kika ce lokaci kike sayarwa. Nawa lokacin ma ai ba tsintarsa na yi ba.

Baban Yara: Anti, muna jiran amsa fa, duk zauren ya yi tsit.

Anti Mai Kitso: To, rabin awa na farko a yafe wa juna, don kai ba ya ƙarewa daidai da agogo. In ya wuce haka, wankin ranar kyauta ne. Amma ke 'Yar Auta in kika makara da minti arba'in kika shigo kina cewa cunkoso ne, wadda ke bayanki za ta hau kujerar, kuma ba na son ganin ɓacin rai.

'Yar Auta: A rubuta a bango kusa da farashin, da manyan baƙi.